Gidan Gyaran Hali

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya su Anti Rabi da yara? Ya ƙafar Inna?

An kama ƙaninmu Sani a kasuwar Gudu da kwalbar kodin. Na roƙi alƙali ya tura shi asibiti, tunda sha yake yi, ba sayarwa ba, amma bai saurare ni ba.

Da Inna ta kira, na ce an kai shi gidan gyaran hali. Sai ta hau hamdala, wai gwamnati ta nema wa ɗanta magani. Yaya, sabon sunan kurkuku ke nan. Na je na same shi yana karkarwa, yana cewa, "Anti, ko rabin kwalba ce, taimake ni."

Kai ne babba, ka faɗa mata gaskiya, ni na kasa. A sa shi a addu'a. Ka gaida Inna, jiya ma ta ce in kai wa likitansa goro.

Ƙanwarka,
Hadiza