Dutsen Niƙan Mma

Litinin, 3 ga Mayu, 1926
Na fara aiki a sabuwar hanyar da gwamnati ke yi ta bayan Sabon Zongo. An ce hanyar mota za ta ratsa ƙasar nan tun daga bakin teku har arewa. Ni dai guduma aka ba ni. Helumanmu Jamiu ne, Bayarabe, bakinsa ba ya hutawa.

Alhamis, 6 ga Mayu
Masu awo sun kafa turaku masu jan kai. Dattawa sun je sun yi magana, an kauce wa maƙabarta. Amma shinge kawai aka duba. Mma, mahaifiyarmu, tana bayan shinge, cikin waɗanda aka binne da gaggawa shekarar mura lokacin da wuri ya ƙare a maƙabarta. Shekarata goma sha uku a lokacin. Ban iya yi mata komai ba sai ɗan dutsen niƙanta da na ajiye a wajen kanta. Turakun sun bar ta da taku shida. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 14 ga Mayu
Saƙo daga Salaga ta hannun masu goro. Yaya Salimatu za ta zo Babbar Sallah, lori na kaiwa har can yanzu. Da Mma ta rasu, labarin ma sai da ya yi wata biyu a hanya. Shekara takwas ba ta ga kabarin ba. Ta ce shi ne zai kawo ta.

Talata, 18 ga Mayu
Yau aka ce a kwashe duwatsun gefen hanya a farfasa, a shimfiɗa kafin kwalta. Na ga masu kwanon ɗibar dutse sun doshi wajen Mma. Da aka tashi azahar na ɗauke dutsen, na naɗe a riga, na kai ɗaki. Ban faɗa wa kowa ba. Kabarin taku tara ne daga wani mangwaro da ke wurin, ta gabas. In sun wuce sai in mayar.

Laraba, 19 ga Mayu
An tura mu fasa dutse a tudu. Wai kwana biyu.

Juma'a, 28 ga Mayu
Kwana tara muka yi. Na dawo, ba mangwaro, ko kututture babu. An faɗaɗa gefen saboda magudanar ruwa, an baje ƙasa, ruwan sama ya bi ta kai. Ko'ina ja, ko'ina ɗaya. Can nesa ga 'yan tsibiran ciyawa an bari, kowane da dutse ko fasasshiyar tukunya a kai.
Na tambayi Jamiu. Ya ce shi ma ai Musulmi ne, tun farko ya gargaɗi mutanensa, duk inda suka ga alama su zagaye. Ya dube ni. "Wurin da babu alama, ɗan'uwa, ta yaya zan sani?"
Da na bar dutsen a wurinsa.

Lahadi, 30 ga Mayu
Na jawo hannun Baba Imoro mai haƙa kabari har wurin. Idonsa ya tafi. Ya ce shekarar mura har bakwai yake binnewa a wuni, da duwatsu yake gane su. Ya tambaya wa ya ɗauke na Mma. Na ce ban sani ba. Allah ya yafe mini wannan ma.

Talata, 8 ga Yuni
Kullum ina ƙirga taku daga inda nake zaton mangwaron yake. Jiya ƙirgar ta kai ni cikin magudana. Yau tsakiyar hanya.

Asabar, 19 ga Yuni
Yaya ta iso, kwana huɗu kacal a hanya, kanta duk jar ƙasa. Ta ce na yi tsawo amma har yanzu kunnuwana sun fi ni. Muryarta irin ta Mma ce sak. Na kasa cin dokunun masarar da aka kawo.

Lahadi, 20 ga Yuni
Na kai ta. Na nuna wani wuri a bakin magudana na ce nan ne. Ta durƙusa ta daɗe, tana ba Mma labarin jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Ni ina tsaye ina kallon ƙafata.

Talata, 22 ga Yuni
Jiya Sallah. Yau tana share ɗakina ta jawo dutsen daga ƙarƙashin gado. Ta shafa gefen da hannun Mma ya cinye, ta kira sunana.
"Gafaru, wa na yi wa kuka shekaranjiya?"
Na faɗa mata duka. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi sauƙi.

Alhamis, 24 ga Yuni
Bayan la'asar ta ce in tashi. Ta sa na nuna mata daga ina zuwa ina nake shakka. Taku arba'in ne. Ta cire takalmi ta bi su a hankali tana Ƙulhuwallahu, ta juyo ta sake bi. Wani direba ya tsaya yana ta busa ƙaho, ko waiwaye ba ta yi ba. Jamiu ya fito ya tsare masa hanya har ta gama.

Litinin, 28 ga Yuni
Ta tafi. Dutsen yana cikin ƙunshin kayanta. A bakin lori ta ce, "Ni zan riƙe wannan. Kai kana da hanyar."
Lorin ya bi ta wurin. Na ga ta sunkuyar da kai.

Laraba, 7 ga Yuli
An zuba kwalta a taku arba'in ɗin. Ni na roƙa a ba ni baza tsakuwa a wurin. Jamiu ya ce ina aiki kamar mai shimfiɗa wa baƙo tabarma, amma bai matsa mini ba.

Alhamis, 15 ga Yuli
An matsar da mu gaba, wajen gada. Hanyar tudu ta fi kusa, amma ta wajen Mma na bi. Na yi sallama a farkon wurin, na yi a ƙarshensa. Sai da na ɗauki guduma na tuna yau ban ƙirga taku ba.