Ƙorafi Kan Rufe Famfon Lambun Baba Yakubu

Zuwa ga: Maigirma Shugaban Kwamitin Kula da Filin Eriyoyin Sauraron Taurari, Tudun Ibrah, Ƙasar Kurfai

Daga: Nasiru Abdulgafar, mai gadin filin

Rana: 11 ga Maris, 2024

Game da: Umarnin rufe famfon lambun Baba Yakubu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Ranar 5 ga Janairu aka ɗauke ni gadin eriyoyi sittin da masu bincike suka kafa a fili. Malama Basiratu, shugabarsu, ta bayyana mini cewa sautin da ke zuwa daga taurari rauni gare shi ƙwarai, ko ƙaramar na'urar lantarki tana iya danne shi. Ta ce kada in shiga da salula. Na ce na fahimta.

2. Ranar 26 ga Fabrairu kwamitinku ya rufe famfon Baba Yakubu mai aiki da hasken rana, bisa zargin shi ke jawo hayaniyar da ta ɓata aikin sati uku. Ba a gwada famfon ba. An dai lura hayaniyar da rana take zuwa, famfon ma da rana yake aiki.

3. Ranka ya daɗe, ba famfon ba ne. Ni ne. Zaman gadi ya ishe ni, ni kuwa ban iya zama wuri ɗaya, abin da ya fitar da ni daga lakwal, wato makarantar boko, ke nan tun ina aji biyar. Na sayo caja a kasuwar Filingue, na jona ta da batirin akwatin na'urorin, ina cajin wayata ina kallon kokawa har la'asar. Ranar da aka rufe famfon tsoro ya kama ni, na cire cajar. Hayaniyar ta tsaya, kowa ya ce ai ga shaida. Ina tsaye a wurin, na bar laifin a kan Baba Yakubu.

4. Yau kwana goma sha huɗu albasarsa ba ta sha ruwan kirki ba, rabin komayen shukar sun kwanta. Kullum da safe ina kai masa jarka shida a amalanke, ba sa isa. Duk zuwan da na yi sai ya sa mini albarka. Wannan ne na kasa ɗauka.

Don haka ina roƙon kwamiti ya buɗe famfon yau, ba gobe ba. A kunna shi a gaban Malama Basiratu, sannan a jona cajata, a ga wanda ke hayaniyar. Ina kuma roƙo a wanke Baba Yakubu a bainar jama'a, kamar yadda aka zarge shi. Hukuncin da aka yanke mini, ko kora ce, na karɓa.

Ban faɗa masa ba tukuna. Ina miƙa wannan takarda, lambun zan nufa.

Allah ya ƙara girma. Naka mai biyayya,

Nasiru Abdulgafar