An Yanke Ramuwar Uwani

Assalamu alaikum Malama Sa'adiya. 'Yata, ki taimake ni, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina. Ki yi haƙuri da rubutun, ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma ban gama ba, malamar ta ce na cika surutu.

Ni tsohuwa ce a Abakpa, jikokina goma sha ɗaya. Mu mata goma sha huɗu ne, duk Asabar bayan la'asar muna haɗuwa a tsakar gidana mu yi wasan kwaikwayo. Ba irin na talabijin ba, mu junanmu muke kwaikwaya. Mace ta miƙe ta ɗauki tafiyar wata da maganarta, a yi ta dariya. Doka ɗaya ce: duk wadda aka kwaikwaya, ba a tashi sai ta rama. Da haka muke gaya wa juna gaskiya ba tare da faɗa ba, yau fiye da shekara ashirin.

Bara wata ƙungiya mai tallafa wa masu wasannin unguwa ta zo, ta hannun jikata Lubna da ke aiki da su. Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun kafa mana rumfa, sun kawo kujeru saboda masu ciwon gwiwa, har lasifika suka ba mu, sai ka ce muryata tana neman taimako. Suka ce za su ɗauke mu a bidiyo duniya ta gani. Aka kawo takarda, na dangwala a madadin kowa tunda ni ce shugaba. Ban tambayi kowa ba. Kaina ne ya kumbura.

Ranar ɗaukar na kwaikwayi aminiyata, bari in kira ta Uwani, mai sayar da daddawa a Babbar Kasuwa. Tun muna amare muke tare. Takan yi gyangyaɗi a gaban kayanta, baki buɗe, in ta farka a firgice sai ta faɗi farashi ko ba kowa a gabanta. Na yi shi tsaf, har da goge yawu. Ita kuma ta miƙe ta rama, wallahi ta fi ni. Ta nuna yadda nake cire haƙoran roba a gidan biki in tsotsi nama, sauran in ƙunshe a bakin gyale ina waige-waige. Na yi dariya har da hawaye. Muka rabu lafiya, har ta tafi da ragowar dambuna.

Da bidiyon ya fito, minti biyu ne, kuma nawa kaɗai. An yanke ramuwar Uwani gaba ɗaya. Lubna ta ce wai mutanen waya ba sa jure abu mai tsawo. Ainihin sunan Uwani kuwa ya fito ras a bakina, har da layin da take zama.

Yanzu 'yan dako in za su wuce sai su ce mata ta farka gari ya waye. Wasu ba daddawa ke kawo su ba, tsayawa suke nesa da waya suna jiran ta rufe ido. Surukanta sun gani. Su masu dariyar ba su san mijinta shekara uku ke nan yana kwance ba, ita kaɗai ke jinyarsa, ba ta samun barci. Mu mun sani. Wasan ma na yi shi ne don ta ji kunya ta bar matan 'ya'yanta su riƙa karɓarta.

Sati shida ba ta taka gidana ba. Na aika mata fura, furar ta dawo. Mata shida sun bi ta. Ƙungiya kuwa murna take, wai dubban mutane sun kalla, suna so mu yi wasa a babban zaure wata mai zuwa, kuma lallai in maimaita na mai daddawa. Lubna ko gaisuwarta ba na amsawa. Raina yana ce mini in tattara musu kujerunsu, amma masu ciwon gwiwa fa? Ni dai Uwani nake so ta dawo. Ya zan yi?

Kaka mai baki, Abakpa.

Wa'alaikumus salam Kaka. Na ji zafin da ke ranki, amma zan fara da abin da ba za ki so ji ba. Lubna ta yi kuskure, ƙungiya ta yi sakaci, sai dai yatsan da ke kan takardar nan naki ne. Kin bayar da abin da ba naki ke kaɗai ba. Daga nan za ki faro gyara.

Daina aike. Ki je gidanta da ƙafarki, ba kasuwa ba. Ki duba mai jiki, ki zauna, ki ce kin yi laifi. Kada ki saka wasa ko kaɗan, kada ki ce ai don alherinta kika yi, kada ki jingina wa jikarki. Na san shiru zai yi miki wuya, amma ki bari ta faɗi duk abin da ke cikinta.

Kafin ki je, ki kira Lubna ki amsa gaisuwarta, don ita ce za ta iya sa a sauke bidiyon daga shafin ƙungiya. Wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba zai dawo ba, kada ki yi wa Uwani alkawarin abin da ba ya hannunki. Wataƙila ki ce a saki ramuwarta a yi daidai. Wannan ita za ta yanke, mai yiwuwa ba ta son fuskarta ta sake fita ko da ita ce da nasara.

Kujeru kuwa kada ki mayar. Taimakon bai zama laifi ba, yadda aka yi shi ne ya ɓaci. Ku zauna da mutanen ƙungiyar ku gaya musu sharuɗɗanku: kowace mace ita za ta amince da kanta, ba a sakin komai sai duk kun gani, kuma ba a raba wasa da ramuwarsa. In da gaske tallafa muku suka zo yi, za su yarda. Na mai daddawa kuwa ki ce musu an rufe shi har abada, ko da hakan zai sa ku rasa wasan zauren.

Ba zan ce miki za ta dawo ranar Asabar ba. Tana iya yafe miki ta ƙi wasan, kuma tana da gaskiya. Ki fara neman aminiyarki, wasa ya jira. In ta rufe ƙofa, ki koma wani satin.

Allah Ya ba mai gidanta lafiya, Ya sanyaya zuciyarta, Ya daidaita tsakaninku.

Malama Sa'adiya