Ruwan da Baba Ya Tafasa

Unguwar Gudu, 6 ga Janairu

Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Mama. Yaya ciwon gwiwar? Jikarka Lucy tana gaishe ka.

Kwalbar ruwan rafinmu na Orozo da na roƙa ta iso ta hannun ƙanena Andrew. Mun gwada shi a ɗakin gwajin ruwa na wurin aikinmu don mu ga ko ya dace da ban ruwan lambu. Baba, ko ƙwayar cuta ɗaya babu! Ni da na san warin rafin nan, sai na titsiye Andrew. Ashe tace ruwan ka yi da kallabin Mama, ka tafasa shi, wai kada 'yarka ta ji kunya a gaban oganta. Na yi dariya har da hawaye. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina tafe ran Asabar, in ɗiba da hannuna daidai inda injinka yake jan ruwa.

'Yarka,
Christiana

Gudu, 24 ga Janairu

Babana,

Ina gaisuwa. Ina fata Mama ta warware daga gajiyar girkin da ta sha mana.

Kwana uku ke nan ina jinkirta wannan wasiƙa. Ruwan da na ɗebo ba shi da kyau, Baba. Ƙazantar bayan gida daga sababbin gidajen da aka gina sama da ku, cikin rafin take zuba. Koren latas ɗin nan da kake taƙama da shi, ita ce takinsa. Latas kuwa ɗanye ake cinsa.

Na san shekara talatin kana shayar da lambun nan, kuma shi ya kai ni makaranta. Duk da haka na rubuta a rahoton aikinmu cewa a dakatar da ban ruwa daga wurin sai an haƙa rijiya. Raina ya ɓaci ƙwarai da na zo sa hannu, don sunanka ne a ƙarshen nawa: Christiana Mato.

Saura abu ɗaya. Kwandon latas da ka zaɓar wa Lucy ganye-ganye, zubar da shi na yi. Kullum sai ta tambaye ni ina ganyen Kaka. Ban faɗa mata ba tukuna, kai na fara faɗa wa.

Ka yafe mini, ka gaida Mama.

'Yarka,
Christiana