Rami na Biyu

Kitwe, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Kangwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Thandeka da yara. Ya aiki, ya Durban? Mu nan lafiya lau. Ruwan farko ya sauka, Mama ta fara faɗa da kaji a kan shukarta. Ta ce in gaya maka shekara goma sha ɗaya rabonka da Kirsimeti a gida, in ka sake ɗagawa kada ka ƙara kiran ta uwa. Ni dai saƙo aka ba ni.

Ka san abin da na tono a ƙarƙashin gadonta? Na'urar wasan da Baba ya sayo mana shekarar da aka ƙara masa girma a mahaƙar tagulla. Tana naɗe cikin tsohon zane, da kaset huɗu da hannun wasa biyu. Na jona ta a talabijin, na hura kaset yadda muka saba, sai ga kiɗan nan ya tashi. Hannun wasana yana aiki sumul. Naka, wanda ake jonawa a rami na biyu a jikin na'urar, ko motsi.

Zan gyara kafin ka zo. Ina so in lallasa ka a gaban 'ya'yanka, su san goggonsu ba ta taɓa faɗuwa a hannun ubansu ba. Har yanzu ina ganinka zaune a ƙasa, ka miƙe ƙafa ka danna babban yatsa a jikin na'urar kamar mai taka birki, ni kuwa ina ta yi maka dariya. Gaskiya kuma, Kangwa, tun rasuwar Baba ba mu da wata hira sai ta maganin Mama, abin yana damuna. Ina so mu sake zama wuri ɗaya.

Yayarka,
Musonda

Kitwe, 17 ga Nuwamba

Kangwa ƙanena,

Ina fata kun wuni lafiya, kuma tarin ƙaramar ya yi sauƙi. Ka gaishe min da Thandeka.

Na fara da dabarata. Na musanya hannayen: naka ya yi aiki a ramina, nawa ya mutu a raminka, ashe laifin rami ne. Na haska da tocila, allurai taran da ke cikin ramin duk suna tsaye, sai dattin shekara talatin. Na goge da sifirit da tsohon buroshin haƙori. Sai komai ya dawo, ban da maɓallin tsalle. Mama tana leƙe ta bayana tana cewa, “Ke da digirinki, a kan abin yara kike zufa? Tuwon nshima na hucewa.”

Ranar Asabar na kai wa Bana Mwape, matar nan mai gyaran rediyo a kasuwar Chisokone. Ta kwance na'urar, ta bi alluran ɗaya bayan ɗaya da mitarta. Takwas suka yi ƙara, ɗaya kuwa, ta shida a jeri, ta yi shiru. Ta ɗaga allon cikin na'urar a rana ta ce, “Zo ki gani, Malama. Wannan ba tsufa ba ne. Ba a taɓa sa mata dalma ba, haka ta fito tun tana sabuwa. Sai an danne filogin da ƙarfi za ta taɓa.” Sai ta harare ni. “Wa yake riƙe na biyun?” Na ce ƙanena. Ta tuntsire da dariya: “Kai, bawan Allah! Ke kuma na san har yau kina cika baki.”

Kangwa, ƙafarka na tuna nan take. Ashe filogi kake dannewa.

Ka san yadda gidanmu yake: babba ke fara wanke hannu, babba ke fara ɗaukar nama, babba ke riƙe hannu na ɗaya. Ko sau ɗaya bai zo mana a rai mu musanya ba. Ɗigon dalma ɗaya Bana Mwape ta sa, ko minti biyu ba a yi ba. Na dawo gida da na'ura lafiyayya da kunya mai nauyi. Duk kirarin da na yi wa kaina na janye shi. Ka yafe min dariyar. Amma me ya hana ka faɗa?

Taka,
Musonda

Kitwe, 5 ga Disamba

Ƙanena abin ƙaunata,

Wasiƙarka ta iso, na gode Allah da kuke lafiya. Mama ta ji ranar zuwanku, har ta aika a nemo mata busasshen kifi, ta kuma ware zakaran da ya fi cin shukarta.

Sau uku na karanta abin da ka rubuta. Ka ce tun makon farko ka gane, kuma ka iya danne filogin yadda za ka ci ni in ka ga dama. Ka ce sau ɗaya ka gwada ka ci ni, ranar da na jefar da hannun wasan na tafi wurin ƙawayena, na bar ka da talabijin kai kaɗai. Daga nan, duk lokacin da ka ga ka kusa ci, sai ka sassauta yatsa, don in na ci ina zama har a kira mu cin abinci. Ni ko tuna ranar ban yi ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, amma daɗi ya fi yawa a ciki.

Na karanta wa Mama. Ta ce, “Yo kowa ya sani mana, har ubanku. Ke kaɗai ce sarauniyar da ba ta da labari.” Ka ji matar nan!

Na'ura tana kan tebur, an rufe ta da kyallen saƙa na Mama. Kullum da yamma ina gwada hannuna a rami na biyu, tsalle yana fita tsaf. Rami na ɗaya naka ne bana, duk wanda ya ce ba a yi wa ƙane haka ya zo ya same ni. Ka zo da takalmanka a ƙafa, babu abin dannewa. Ka yi wasanka da gaske. Ko sau goma ka ci ni, ba zan tashi ba.

Sai kun iso lafiya.

Yayarka,
Musonda