Aikin surukina yana fita da sunana

Tanti Lalla, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, in da hali kada ta yi jinkiri, domin abin da nake tsoro yana iya faruwa kafin ƙarshen shekara. Sunayen da zan ambata ba na gaskiya ba ne.

Ni mutumin Madawa ne, na ɗan haura arba'in, karatuna a kolej ya tsaya. Ina aiki da wani proje mai kula da famfunan ruwa masu aiki da hasken rana a ƙauyukan Madawa, Buza da Keita. Ba ni ke gyara ba, nawa karɓar ƙorafi ne da raba aiki ga masu gyara. Bara aka kawo mana sabon tsari. Dukanmu muna cikin gurup ɗaya a waya, a cikinsa akwai wata na'ura mai bin umarni da muke ce wa Sakatare. In famfo ya lalace, sai in rubuta kalmar buɗewa da sunan ƙauyen, Sakatare ta ba matsalar lamba, shi ne tike. Sai in rubuta kalmar miƙawa da sunan wanda zai je. Nan take ta sanar a gaban kowa cewa wane ya ba wane aiki, ya gama kafin rana kaza. In ranar ta wuce, kullum safe sai ta kira sunansa a gurup ta ce ya makara. In an gyara, a rubuta kalmar rufewa. Shugabarmu Madam Mardiya tana Tawa, daga can take ganin yawan tiken da kowa ya rufe.

Tsarin bai ba ni wuya ba, ina son abu a jere. Damuwata ita ce mai gyaran da ke riƙe da yankin Allakaye surukina ne, mahaifin mai ɗakina Hindatu. Tun da na auri ɗiyarsa sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, a nan ma Baba kawai zan ce. Ranar da famfon farko ya tsaya a yankinsa na buɗe tiken, na zo wurin miƙawa, sunansa ya fito a jerin sunaye, taɓawa kawai ya rage. Na kasa. Na tuna Sakatare za ta shelanta cewa ni na ba Baba aiki har da wa'adi, gobe kuma ta ce masa ya makara, samarin da ya koya wa riƙon ƙarfe suna karantawa. Sai na miƙa wa kaina tiken. Na kira Baba, muka gaisa, na tambayi gida da gona, a ƙarshe na saka maganar famfon kamar labari ne na ji a kasuwa. Ya hau moto ya bi duwatsun yankin ya gyara. Da ya sanar da ni, na rufe tiken da sunana, domin Sakatare ba ta yarda wani ya rufe sai wanda aka miƙa wa.

Haka nake yi har yau. Baba yana cikin gurup ɗin amma ba ya karantawa, idonsa ya yi rauni, saƙon murya kawai yake saurare. A ganinsa ba abin da ya canza. Ni ma na ɗauka na samo hanyar da ba ta cutar da kowa. Ina da al'adar rubuta abin da ya faru da ni kowace rana bayan la'asar, kuma da na koma baya na karanta, sai na ga har yaba wa kaina na yi a lokacin.

Satin da ya wuce Madam ta rubuto cewa za a rage masu gyara a ƙarshen shekara, kuma da abin da Sakatare ta tara za a duba wa zai tsaya. Ta sa jerin a gurup. Sunana ne a sama, ni da ban san yadda ake kwance kan famfo ba. Na Baba ne a ƙasa, babu ko tike ɗaya. Ta yabe ni, abokan aiki suka yi ta sa hoton tafi, har ana maganar a ƙara mini matsayi. Muntari, mai gyaran yankin Bangi, shi kaɗai na tabbata ya gane, domin bai sa komai ba, kuma da muka haɗu a masallaci gaisuwarsa gajera ce. Abin da ya fi ci mini rai, wani ya gaya wa Baba an yabe ni, ya kira ya sa mini albarka. Bai san inda nasa sunan yake ba.

Baba ya tsufa, ba wani projen da zai ɗauke shi. Hatsin da ya samu bana ba zai kai su bazara ba, kuma gidansa cike yake da jikoki. In na yi shiru za a sallame shi a matsayin wanda ba ya aiki, shi da ke kwana a ƙauyen mutane don ya gama gyara. In na faɗa wa Madam, za ta ce na cika tsarinta da ƙarya, tana iya korar mu duka biyu. Shi kuma Baba, yaya zan dubi ƙasa a gabansa in ce duk wahalar da ya sha ni aka rubuta wa? Wani lokaci ina tambayar kaina ko kunyar ce da gaske, ko kuwa daga baya na fara jin daɗin ganin sunana yana hawa. Ban san amsar ba. Hindatu ta lura ba na cin abinci, na ce mata ciwon ciki ne.

Yanzu haka akwai tiken wani famfo kusa da Allakaye a buɗe, ban miƙa wa kowa ba. Ina zan dosa?

Daga wani suruki a Madawa

*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka, kuma ban ga ɓarawo a cikinta ba. Kunyar suruki tarbiyya ce, wanda ya tsara wannan na'ura ne bai san akwai gidan da ba a kiran sunan babba ba. Amma ita ma Madam ba azzaluma ba ce. Tana Tawa, abin da kuka nuna mata shi take gani, kuma da shi za ta yanke hukunci a kan abincin mutane. Ka tsare Baba daga a ce masa ya makara, ga shi ana shirin ce masa bai yi komai ba. Wannan ya fi wancan muni.

Tambayar ko kunya ce ko son yabo, ka ajiye ta tukuna. Ba ka da lokacinta.

Fara da famfon da ke tsaye. Mata suna can suna tafiya neman ruwa. Kira Baba yau yadda ka saba, ya je ya gyara, amma kada ka sa sunanka a tiken.

Sannan Hindatu. Mahaifinta ne, bai kamata ta ji a bakin wani ba. Ku zaɓi dattijo ɗaya da Baba yake jin maganarsa, kawunta ko limamin unguwarsu, ku je tare. Al'adar da ta hana ka kiran sunansa ita ce kuma ta ba ka damar aika babba ya yi magana a madadinka. Baba zai ji zafi, kada ka sa ran ba zai ji ba. Amma dattijon ƙasar nan ne, ya san abin da ke riƙe hannun suruki, shi ma ya yi wa nasa surukin kunya.

Daga nan ka hau mota zuwa Tawa. Wannan ba maganar gurup ba ce, ba ta waya ba ce. Ka zauna gaban Madam ka faɗi abin da ka faɗa mini, ba ragi. Ka ba ta sunayen ƙauyukan, ta kira masu kula da famfunan ta tambaye su wa ke zuwa gyara. Ka roƙi Muntari ya shaida. Ka ce a mayar wa Baba aikinsa, ka kuma ce ba ka son ƙarin matsayin da aka gina a kansa. Kada ka je hannu wofi, tafi da mafita: ko a canza sunan kowane mai gyara a gurup zuwa sunan yankinsa, ka riƙa miƙa wa Allakaye ba mutum ba, ko ita da kanta ta riƙa miƙa tiken Baba. Ka kuma gaya mata idonsa ya yi rauni, a samu mai sanar da shi da murya. Ba ku kaɗai ne masu surukuta ko ƙanin uba a wurin aiki ba, gyaran zai amfani wasu.

Ba zan ɓoye maka ba, za a yi maka faɗa, wataƙila da takardar gargaɗi. Kuma tana yiwuwa duk da haka a sallami Baba saboda shekaru. In hakan ta faru, bambancin shi ne zai koma gida an san ya yi aiki, jikokinsa ba za su ji an ce kakansu zaune yake yana cin albashi ba. Wannan kam yana hannunka, kuma kwanakin da suka rage maka ƙidayayyu ne.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Baba, ya bar zumuncinku.

Tanti Lalla