Gashin Bakin Pappu Sifis

Daga cikin jirgin ruwa, bayan mun bar tashar Iraklio
Talata

Ƙawata Marilena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar Mama, ya kuma tsinkar inabi? Ni lafiya lau nake, sai kewarki.

Kada ki yi min dariya don na rubuto a takarda. Waya ba ta kamawa a tsakiyar teku, kuma kin san tun da na fara aron littattafanki na soyayya nake burin in zauna a gaban ruwa in rubuta wa wani wasiƙa. Tunda wanin bai zo ba tukuna, ke za ki yi haƙuri ki karɓa.

Jirgin nan ya fi ƙauyenmu mutane. Baba da su Goggo ne suka haɗa wa kakana Pappu Sifis da Kaka Argiro tafiyar, don cikarsu shekara hamsin da aure. Ni an haɗo ni ne in riƙa yi musu tafinta, amma ainihin aikin da Mama ta ba ni shi ne in tabbatar Pappu yana kwana da na'urarsa. Likita ya ce numfashinsa yana ɗaukewa in yana barci, kuma zuciyarsa ta fara gajiya da hakan. Na'urar ƙarama ce kamar rediyo, tana da tiyo da abin rufe hanci, tana hura masa iska. Ashe tun da aka kawo ta Kaka ta saƙa mata mayafi mai ado ta ɗora ta kan kabad, ba a sake taɓa ta ba. Tunda ɗakinsu daban saboda minsharinsa, ba wanda ya gane.

A nan kuwa ɗaki ɗaya ne, su a ƙananan gadaje biyu, ni a na sama. Soket ɗin yana can wajen madubi, kuma masu bincike sun karɓe doguwar wayar wutar da muka zo da ita, wai tana jawo gobara. Ki ga murna wajen Pappu. Amma ni da ko burodi ba na iya tambaya a kanti, sai da na tare mai gyaran ɗakinmu, ta kawo mana wayar wuta ta jirgi da tataccen ruwan da ake zuba wa na'urar.

Da barcin rana aka gwada. Marilena, gashin bakin nan ya hana abin zama. Iska tana fita ta gefe tana fito, gashin yana kaɗawa kamar tuta, idanunsa suna hawaye. Kaka ta ce kamar bunsurunmu ranar da ya cusa kai a bokiti. Ya fizge ya jefar. Na ce masa a hankali takardar na'urar ta ce sai an aske. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"Argiro ƙarama, da wannan na nemi auren takwararki, da shi nake rantsuwa. In na aske da me zan rantse, da kunne?"

Ban san yadda zan yi da shi ba. Amma teku tana da kyau, kuma akwai wani mai goge a ɗakin cin abinci wanda gashinsa ke zubo masa a goshi. Na raɗa masa suna a raina. Bai san ina duniya ba.

Ki gaida kowa.
Taki,
Argiro

Tsibirin Patmos
Alhamis

Marilena tawa,

Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gida. Mu ma da sauƙi, in an cire abin da zan gaya miki.

Abinci dai ba a magana. Pappu yana ci yana kushewa, wai man zaitun ɗinsu ruwan wanke kwano ne, sannan ya koma ya ƙaro. Maƙwabtanmu, wasu Jamusawa, sun buga mana bango saboda minshari, shi kuma da safe ya gaishe su da fara'a ya ba su cukun gida.

Amma ba minsharin ne abin tsoro ba. Shirun da ke biyo baya ne. Sai ya yi ta ja kamar tarakta, can kuma ya tsaya cak, ƙirjinsa yana motsi ba iska, har sai ya zabura kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Tun da Kaka ta gani da idonta ta daina kwanciya. Zama take a bakin gado da takalminta a hannu, da ya yi shiru ta zungure shi. Shi bai ma sani ba.

Yau muka hau dutse zuwa coci. Kaka tana tsaye da kyandir a hannu, sai na ga kanta yana sunkuyawa, wutar ta kusa kama ɗankwalinta, ta tafi za ta faɗi. Barci ne ya kwashe ta a tsaye. Pappu ne ya tare ta, ya zaunar da ita a matakala, yana ta faɗa wai ba ta karya da kyau ba, ina ke mata ciwo.

Ta ce, "Ciwona ga shi nan zaune a ƙarƙashin hancinka."

Sannan ta gaya masa komai, a gaban masu yawon buɗe ido, ba ta ko rage murya ba. Ta ce a gida bango ya ɓoye mata, yanzu ta ga yadda yake shaƙewa. Ta ce ita ba ta shigo teku don ta koma ƙauye da baƙaƙen kayan takaba ba.

Na zaci zai yi tsawa. Bai yi ba. Tun daga nan har jirgi yana murza gashin bakinsa yana kallon ruwa, ko kofi bai sha ba. Ni ma na kasa karatu, na maimaita shafi ɗaya har na gaji. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Argiro

Tsibirin Rodos
Juma'a da yamma

Ƙawata ta kaina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Mama, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Da safe jirgi na tsayawa Pappu ya ce in sa takalmi, Kaka kuma ta huta. Muka yi ta kutsawa lungunan tsohon gari har ya sami wani tsohon mai aski. Kafin ya zauna sai da ya tambaye shi ko yana da dangi a tsibirinmu na Kirit, ko suruki, ko ma abokin soja. Mutumin ya ce babu. Da ya ji abin da ake so ya aske, ya ajiye almakashi ya yi ta tambaya ko an tabbata, don ya ce shi bai taɓa ganin irinsa ba sai a hoton mayaƙan da. Pappu ya rufe ido ya ce ya yi sauri kafin hankalinsa ya dawo. Ni na riƙe masa hula. Na yi kuka kaɗan, ban san dalili ba.

Leɓensa fari fat kamar ɓararren ƙwai. Duk hanya da hannu ya rufe shi.

Muka tarar da Kaka a saman jirgi tana shan iska. Ya ja kujera zai zauna, ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

"Bawan Allah, kujerar nan da mai ita."

"Argiro, kada ki fara."

"Ashe haka bakinka yake. Da na sani..."

"Da kin sani me?"

"Da na aure ka duk da haka. Amma da ka sha jira."

Tana faɗa tana dariya, amma hannunta yana kan kumatunsa, kuma ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ni na yi kamar ina kallon tashar jiragen.

Da barcin rana abin ya zauna daram a hancinsa. Ba fito, ba minshari, sai wani ɗan huci mai laushi. Na hau gadona da littafi, na ce yau Kaka za ta rama barcinta. Ina. Ta juya nan, ta juya can, ta tashi ta leƙa fuskarsa, ta koma, ta sake tasowa. Da na leƙo na tambaye ta, sai ta ce min ƙasa-ƙasa, "Shirun ya yi yawa, takwara. Shekara da shekaru ta bango nake jin yana da rai. Yanzu da me zan sani?"

Ta ce in sauko. Muka janye ɗan teburin da ke tsakani, muka tura gadonta ya haɗu da nasa, shi ko motsi bai yi ba. Ta kwanta, ta zura hannu ta ƙarƙashin tiyon ta ɗora a ƙirjinsa. Hannun yana hawa yana sauka. Kafin in gyara mata bargo ta yi barci. Na fita na zauna a ƙofa don kada wani ya buga, kuma sai da rana ta yi sanyi suka tashi. Pappu ya fito da shatin roba a kumatu, yana cewa yunwa yake ji kamar ya yi shekara bai ci ba.

Wannan wasiƙar hotonta zan ɗauka in turo miki yanzu da waya ta kama, don gidan waya zai makara, kuma saƙo biyu aka ba ni. Pappu ya ce ki gaya wa babanki ya sanar da labarin askin a shagon kofinsa, 'yan ƙauye su yi dariyarsu su gama kafin mu iso, duk wanda ya rage da saura shi da shi ne. Kaka kuma ta ce ki je wajen Mama, ta sa a kwance gadonta a kai ɗakin Pappu. Pappu ya ce shi ba a tambaye shi ba. Ta ce ƙwarai kuwa, ba a tambaye shi ba.

Ki gaida Mama da kyau, ki ajiye min inabi.

Ƙawarki mai ƙaunarki,
Argiro